Sunan da Uwa Ba Ta Faɗa

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar kasuwa a Matameye, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. A lokacin shekarata goma sha bakwai ina riƙe da alli, kuma duk wanda ya koyar a firamare ya san abin da shekarun nan ke yi wa mutum. Murya ta dushe, gwiwa ta fara ƙara, haƙuri kuma sai an lallaɓa kafin ya kai azahar. Aji biyar aka ba ni, yara sun haura tamanin, huɗu-huɗu a benci, wani bencin ma biyar idan masu ƙaramin jiki ne. Ni kaɗai ne Kirista a cikin malaman makarantar, daga wajen Maradi aka turo ni, kuma ban taɓa samun matsala da kowa a kan haka ba. Da azumi su aiko mana da kunu da ƙosai, da Kirsimeti matata ta aika musu da shinkafa. Abin da ya same ni ran nan ba wanda ya ja mini shi sai bakina.

Asalin abin daga babban hutu ne. An kira taron malaman makaranta Kiristoci a wata majami'a a Damagaram, na kwana uku, na shirya na tafi (gaskiya don in huta da hayaniyar gida na tafi, ba ƙishin ilimi ne ya kai ni ba). A rana ta biyu wani dattijo da ya daɗe da ajiye koyarwa ya tashi ya yi mana magana. Ya ce makarantar gwamnati ba majami'a ba ce, ba wanda ya ɗauke mu aiki don mu yi wa 'ya'yan mutane wa'azi, wanda ya yi haka kuwa ya ci amanar iyayensu. Amma in har mun gaskata cewa Allah ya yi kowane mutum cikin siffarsa, to yaron da ke bencin ƙarshe da majina a hanci darajarsa ɗaya da ta ɗan gwamna. Ya ce bangaskiyar malami ba a bakinsa ake neman ta ba, a yadda yake duban yaro ake ganin ta. Daga nan ya dube mu ya ce Almasihun da muke bi ya san nasa ɗaya-ɗaya da sunansu, to mu nawa ne a nan za su iya kiran 'yan ajinsu da suna, ban da kai da ke?

Maganar ta shige ni sosai, har sai da na share ido da hannun riga. Na dawo Matameye ina ji kamar yau na fara aiki.

Da aka koma makaranta na fara gyare-gyare. A wurinmu al'ada ce, bayan kowace jarrabawa malami ya tsaya gaban aji ya kira sakamako daga na ɗaya har na ƙarshe, kowa ya fito ya karɓi karnensa, wato ɗan littafin da ake rubuta maki a kai wa iyaye. Na ƙarshen kuwa a yi masa ihu har bakin ƙofa. Akwai kuma layin da ke jikin bango, wanda ake tara marasa ƙoƙari, yara suna kiransa layin jakuna, malamai ma in sun manta haka suke kiransa. Na soke duka biyun. Na gauraya yaran, na ce daga yau ba jaki a ajina, ba kuma wanda za a sake yi wa ihu. Karne kuma sai in miƙa wa shugaban aji ya raba musu shiru, kowa ya ga nasa shi kaɗai. Har yau ina ganin wannan gyara ne mai kyau, abin da ban lura ba shi ne, kiran sakamakon nan shi kaɗai ne lokacin da nake haɗa suna da fuska.

Da na yi abina na yi shiru, da ba a ji kaina ba. Amma ina. Lokacin shan iska muna zaune gindin bedi, wato darbejiya, da sauran malamai, na buɗe baki na ba su labarin taron tun daga farko har ƙarshe. Na ce kafin wata biyu zan san kowane yaro a ajina da sunansa da na ubansa. Direktanmu, wato shugaban makarantar, Malam Isufu, dattijo ne mai sanyin magana, goro ba ya rabuwa da bakinsa. Ya saurare ni har na gama, ya ce ai wannan magana ce mai kyau, su ma a addininsu yaro amana ne, Allah ya ba da iko. Sai ya ƙara da cewa mu dai ga Janairu. Na ji haushin wannan ƙarin, na kuma riƙe shi a zuci.

Na sayi sabon kaye, wato littafin rubutu, na kwafe sunayen ajin duka a ciki. Kowace safiya kafin in fita sai in buɗe, in ɗauki suna biyar in yi musu addu'a, gobe in ɗauki biyar na gaba. Wannan kam na riƙe shi, ban fasa ba ko da rana ɗaya. Matata ta taɓa leƙowa ta ga ina bin sunayen da yatsa, ta tambaye ni ko na san masu su. Na ce mata Allah ya san su. Ta ce ai ba Allah ta tambaya ba, ta wuce ta ci gaba da hura wuta.

Janairu ya zo ya same ni yadda Malam Isufu ya hango. Yara tamanin da wani abu ba wasa ba ne. Na san wajen talatin: na gaba masu ɗaga hannu suna kaɗa yatsa, da 'yan fitina waɗanda dole ka san sunansu don kullum kana kiransa, da 'ya'yan ma'aikata da iyayensu ke gaishe ni a hanya. Sauran kuwa suka koma kai mai jar riga, ke ta bayan wance. Kiran suna da safe na bar wa shugaban aji, shi yana kira suna amsawa, ni kuma na juya baya ina rubuta kwanan wata da darasi a allo, don in rage lokaci. Sunayen dai na san su sarai, a takarda. Na san rubutun kowa. Akwai wata Sa'ade Habu mai rubutu tsaf-tsaf, lissafinta ba ya kuskure, kullum in na zo kan kayenta sai in ce gobe zan tambayi wace ce ita a cikinsu. Goben ba ta zo ba.

To, ranar da nake ba ku labari, rana ta take, saura kaɗan a tashi. Ina fama da su a kan lissafin rabawa, na yi bayani sau uku, rabin ajin na kallona kamar ina yi musu yaren da ba su taɓa ji ba. Kaina na sarawa. Sai ga direkta a bakin ƙofa, da wata mata a bayansa ɗauke da ɗaurin rake a ka. Ba tsohuwa ba ce, amma wahala ta nuna a jikinta, ƙafafunta duk yashi. Ta sauke raken, ta durƙusa ta gaishe ni. Aji ya yi tsit, irin shirun da ban taɓa samu ba in ni na roƙa.

Direkta ya yi mini bayani. Daga wani ƙauye take a wajen Tsauni, ta shigo kasuwa ne ta biyo. 'Yarta tana ajina, tana zaune wurin gwaggonta a nan cikin gari saboda karatu. Maigidan ya tafi ci-rani, shekara ta biyu ke nan, ita kaɗai ce da lambu da ƙananan yara uku, ban-ruwa ya fi ƙarfinta. Matar ta karɓe zancen da kanta, a hankali, idonta a ƙasa, tana kirana Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wurinmu.

"Mushe, ni ban san boko ba. An ce kai ne ka san su. In yarinyar tana ganewa, zan daure in bar ta, ko me zai same ni. In kuwa zaman banza take yi, ka faɗa mini gaskiya in tafi da ita yau, ina da buƙatar hannu."

Kafin in buɗe baki Malam Isufu ya ce mata ta kwantar da hankalinta, ta zo wurin da ya dace. Ya ce wannan mushen da take gani ya san kowane yaro a ajinsa da sunansa, har addu'a yake yi musu ɗaya-ɗaya kowace safiya. (Har yau ban sani ba ko da zuciya ɗaya ya faɗa ko da biyu. Na tambaye shi daga baya, ya yi dariya kawai ya ɓare goro.) Ni kuwa na gyara tsayuwa, na ce mata ba komai, yaya sunan yarinyar?

Matar ta ƙara sunkuyar da kai, ta ja bakin mayafi ta rufe baki. Ta ce, "Ta farin ce, Mushe."

Nan na sha jinin jikina. Ni Bahaushe ne, uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba, don shi ne na fari. Na san ko za a kwana a nan, matar nan ba za ta faɗi sunan 'yar farinta a gaban mutane ba. Na yi saurin canza hanya, na ce to sunan mahaifinta fa? Ina rufe baki na gane wautar da na yi. Macen da ba ta faɗi sunan 'yar fari ba, ita ce za ta faɗi na miji? Wasu 'yan mata a bencin gaba suka toshe baki. Ga shi rajistar aji abu biyu kawai ta sani, sunan yaro da na ubansa, su ne kuma abu biyun da matar nan ba za ta furta ba.

Ta ɗaga kai ta duba cikin ajin, ta nuna da haɓa. Wata yarinya a layi na uku, can wajen tsakiya, ta miƙe tsaye a hankali. Siririya, da koren hijabi da ya koɗe. Na san fuskar, wata biyar ina ganin ta kullum. Ba ta taɓa ɗaga hannu ba, ba ta taɓa yin surutu ba, ba ta taɓa ba ni dalilin da zai sa in tambayi sunanta ba. Na dube ta, na lalubi kaina, ban samu komai ba.

Abin da ya kamata in yi a nan ba shi da wuya. In ce, 'yata, yi haƙuri, tuna mini sunanki. Da an yi 'yar dariya, da direkta ya tsokane ni kwana biyu, shi ke nan. Amma mutumin da ya cika baki a gindin bedi ba ya iya faɗin haka. Sai na shiga lissafi a zuci. A ajin nan akwai Hadiza huɗu, in ka jefa dutse cikin 'yan matan da wuya bai faɗa kan Hadiza ba. Biyu na san su, suna gaba. Ta uku doguwa ce, ta girme wa kowa. Saura ɗaya da ban san fuskarta ba. Ga kuma fuska da ban san sunanta ba. Na ga abin ya yi daidai, har na ji daɗin kaifin basirata.

Na yi murmushi na ce, "A'a, ashe Hadiza ce."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Uwar ta ɗan dube ni, ta sake duban ƙasa (daga baya ta ce ta ɗauka sunan takarda ne, tunda gwaggon ce ta kai ta aka rubuta, kuma ta ji ana cewa lakwal, wato makarantar boko, takan ba yaro nata sunan). Yara tamanin suna zaune, kowannensu ya san ba Hadiza ba ce, ba wanda ya yi tari. Mu muka koya musu cewa ba a gyara wa malami magana.

Na ɗauko rajista na buɗe, na bi da yatsa har kan Hadiza ta huɗu. Makin ba shi da daɗin gani. Jarrabawa biyu, duka tana cikin biyar na ƙarshe. Na bar yatsana a wurin, na gyara murya, na yi irin maganar da muke yi wa iyaye. Na ce yarinya ce mai hankali, ba ta da fitina ko kaɗan, ba ta fashi. Uwar ta ce ta san wannan, karatun take tambaya. Na ce to, gaskiya karatun bai zauna mata ba, ana ta fama dai, amma kan bai ɗauka. Da Hausa na faɗa, a bakin ƙofa, da muryar da ta saba kaiwa bencin ƙarshe. Kuma tunda na ɗauki alkawarin faɗin gaskiya a wannan labari, bari in faɗi wadda ta fi muni: a can ƙasan zuciyata na ji wani ɗan sauƙi, cewa benci ɗaya zai ragu da mutum ɗaya, kayen da zan duba ya ragu da ɗaya.

Matar ta ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri, ta gode da ban ɓoye mata ba. Ta dubi yarinyar ta ce ta ɗauko kayanta. Yarinyar ta tattara allonta da kayenta cikin leda, hawaye na zuba. Direkta ya zaro biro daga aljihu don ya rubuta sunan wadda aka cire, ya karɓi rajistar daga hannuna, ya duba inda yatsana yake, ya karanta da ƙarfi, "Hadiza Musa, ko?"

Daga can lungun bango, bencin ƙarshe, wata 'yar murya ta amsa yadda ake amsa kiran suna kowace safiya, "Firezan."

Duk muka juya. Wata yarinya gajera, mai faɗin fuska, ta miƙe tsaye tana riƙe da bakin benci. Ba ta yi niyyar magana ba, bakinta ne ya riga ta, don an kira sunanta. Da ta ga kowa na kallonta sai ta ce, "Ni ce Hadiza Musa, Mushe."

Gumi ya karyo mini tun daga ƙeya har cikin takalmi. Direkta ya dubi rajista, ya dubi mai koren hijabi, ya dube ni, ya daina tauna goron. Sannan ya tambayi yarinyar da ke tsaye da leda, cikin taushi, yaya sunanta. Ta faɗa, sai da ya sa ta maimaita don ba a ji ba. Sa'ade Habu. Mai rubutu tsaf-tsaf. Ta uku a jarrabawar farko, ta biyu a ta biyu. A makon nan ma na yi mata addu'a, ranar Talata, da sunanta da na ubanta.

Na shiga kame-kame. Na ce kuskure ne, layin rajista ne ya ruɗe ni, yarinyar nan ai tana cikin waɗanda ajin ke taƙama da su, kada a cire ta, a bar ta ko don Allah. Ina magana ina jin yadda muryata ke tashi sama kamar ta mai tallan magani a kasuwa. Matar ta bari har na gaji na tsaya. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ɓata fuska ba.

"Mushe, ɗazu ka ce kan bai ɗauka, yanzu ka ce ya ɗauka. Ni wanne zan kai gida? Wanda bai san yarinya ba, ina zai san abin da ke kanta?"

Na dubi direkta, bai taimake ni da ko kalma ɗaya ba. Ta kama hannun 'yarta, ta yi mana sallama. Har ta kai tsakar fili ta juyo ta ce raken nawa ne, tsaraba ce ta kawo wa mushen yarinya. Haka na ɗauki ɗaurin raken nan a kafaɗa na ratsa gari da shi, duk wanda na gamu da shi sai ya ce Mushe an samu alheri. A gida na ba matata labari. Ta saurara har ƙarshe, ta ce yara su zo su sha rake, ni kuma ta zuba mini tuwo ba ta ƙara komai ba, wanda ya fi mini zafi a kan ta yi magana.

Ranar Asabar na ari babur, na ɗaure duk kayen Sa'ade da suka rage a wurina a baya, na kama hanyar Tsauni. Sau biyu yashi yana kayar da ni. Na yi ta tambaya har aka nuna mini lambun, na same su suna jan ruwa a rijiya, uwa da 'ya, ƙananan na zaune a inuwa. Na gaishe ta, na ba ta haƙuri ba tare da wani layin rajista ba, na ce ni ne ban san 'yarta ba, laifina ne. Na buɗe kayen ina nuna mata shafi-shafi. Ta kalli jan biron da ba ta san abin da yake cewa ba, ta tambaye ni ko wannan karon na tabbata na yarinyar ne. Na ce Sa'ade ta karanta mata da kanta. Ta karanta shafi guda, tana fassara mata da Hausa, muryarta na ƙara fitowa. Uwar ta daɗe tana kallon rijiyar. Daga ƙarshe ta ce a bar mata ita mako guda su gama dashen albasa, sannan ta dawo. Ban-ruwan kuma, ta ce, za ta san yadda za ta yi. Na ga hannuwanta, na san abin da wannan maganar za ta ci mata.

Ta cika alkawari. Ran Litinin ta sama sai ga Sa'ade a layi na uku da koren hijabinta. Ni kuwa, kun san hali, har na fara warkewa. A raina na ce ai ga shi, tunkiya ta ɓace, makiyayi ya bi ta har jeji ya dawo da ita. Har na fara tsara yadda zan ba da shaida a majami'a ran Lahadi, in ɗan rage wajen rajistar, in ƙara wajen faɗuwa a yashi. Lokacin shan iska na je na sami Malam Isufu, na ce masa yarinya ta dawo.

Ya ce madalla, Allah ya saka. Sai ya ce, "Hadiza fa?"

Na ce wace Hadiza? Ya dube ni kawai.

Na koma aji da sauri na buɗe rajista. Shugaban aji ya yi aikinsa tsakani da Allah: tun washegarin ranar kasuwar nan yake sa mata alamar fashi, kullum, ba tsallake. Yarinyar da na shaida da bakina cewa ba ta fashi. Kwana goma bencin ƙarshe yana da gurbi, ban gani ba. Na hau babur na ci yashi saboda ta biyu a aji, ita kuwa wadda na tsaya gaban 'yan'uwanta tamanin na ce kanta bai ɗauka, ko tunanin ta ban yi ba. Da na tambayi yara inda take, suka nuna mini da hannu ta taga. Gidansu na bayan katangar makaranta, daga tsakar gidan ana jin ƙarar ƙarfen da muke bugawa na shiga aji.

Da aka tashi na je. Wurin kakarta take, tsohuwa ce da ba ta gani sosai, ta ce ita yarinyar ta gaya mata mushe ya sallame ta. Na sami Hadiza a tsugune tana tsinke zogale a tire. Ta gaishe ni da ladabi, ba fushi a fuskarta, wanda da akwai shi da na fi samun sauƙi. Na ce mata ta dawo makaranta, abin da na faɗa ran nan kuskure ne. Ta ci gaba da tsinkar ganyenta, ta ce, "Ai ba kuskure ba ne, Mushe. Sunan ne ka ɓata, amma makin nawa ne. Na ji da kunnena."

Na yi shekaru ina yi wa yara bayani, ran nan na rasa ta inda zan fara. Na tsuguna a gabanta, ni da furfurata, na roƙi 'yar shekara goma sha ɗaya gafara. Na ce makin nata ne, amma maganar da na ɗora a kai ƙarya ce, don ban taɓa zama kusa da ita na ga abin da kan nata ke ɗauka da wanda ba ya ɗauka ba. Kakar tana ta tambaya wai me ake ciki, wa ya zo.

Ta dawo bayan kwana biyu. Na matso da ita gaba, na riƙa zama da ita bayan an tashi, ashe allon ne ma ba ta gani da kyau daga can baya. Ba zan yi muku ƙarya in ce ta zama ta ɗaya ba. Ta ɗan taso, ta iya karatu da rubutu daidai gwargwado, ta gama aji shida ba ta samu takardar shaida ba, ta koyi ɗinki. Sa'ade ta wuce gaba da karatu a Damagaram. Shaidar da na shirya bayarwa a majami'a kuwa ban bayar ba, sai yau da nake ba ku ita ba ragi.

Tun daga lokacin ni nake kiran suna da kaina kowace safiya, ina ɗaga kai ina duban mai amsawa, ko da zai ci mini kwata na awa, kuma yana ci. Har yanzu ina gajiya, har yanzu ina mantuwa, amma na koyi cewa 'yata, tuna mini sunanki, ban kuma ga ya rage ni da komai ba. In wani matashin malami ya tambaye ni yadda ake shiga aji da bangaskiya, nakan ce masa yi wa suna addu'a abu ne mai sauƙi, don suna ba ya surutu, ba ya zuwa da majina, ba ya cin sifili. Mai sunan ne aikin.

Hadiza tana da shagon ɗinki yanzu kusa da tasha, da 'ya'yanta uku. Duk ranar da na bi ta wurin sai ta tsayar da keken, ta leƙo, ta gaishe ni da fara'a, sannan ta ce, "Mushe, ka gane ni kuwa?" Nakan faɗi sunanta da na ubanta, ta ce to madalla, ta koma kan ɗinkinta. Shekara da shekaru ke nan, ba ta taɓa barin in wuce ba tare da ta yi mini wannan jarrabawar ba.